Kirista zai iya ɗaukar makami ya kare gida har ya kashe? Amsa ga wani shugaban matasa

Wani ɗana a cikin Ubangiji, shugaban matasa ne a wata ikilisiya a nan Jos amma asalinsu mutanen wajen Bokkos ne, ya turo mini tambaya ya ce in amsa a fili don ba shi kaɗai take damu ba. Ga ta a taƙaice: "Baba Rabaran, tun harin jajibirin Kirsimeti na 2023 samarin ƙauyenmu ke kwana a waje suna gadi. Yanzu ana so mu na gari mu haɗa kuɗi a sayi makami. In na ba da, ko na riƙe da hannuna har na kashe wanda ya zo kashe mu, na yi zunubi? Yesu ya ce a juya ɗaya kumatun, toh mu mun juya na dama mun juya na hagu, ina na uku?"

Ɗana, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Bari in ba ka amsar tun farko kar ka gaji da karatu baka same ta ba. In mutum ya faɗo maka gida da makami zai kashe ka ko matarka ko yaranka ko maƙwabcinka, babu hanyar gudu, babu hukuma kusa, ka tare shi ya mutu a wurin, ni a fahimtata ta Littafi Mai Tsarki baka yi kisankai ba. Amma wannan izinin ƙunci gare shi sosai, yana farawa lokacin da mai harin ya zo, yana kuma mutuwa lokacin da ya juya baya. Yawancin abun da muke kira kare kai a garin nan ba cikin wannan lokacin ake yin shi ba, washegari ake yi, a kan titi, a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Nan ne zan fi daɗewa, kuma nasan ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Maganar kumatu tukuna, tunda ita ce a bakin kowa. A Matiyu 5:39 Yesu yana maganar mari ne, kuma mari a kumatun dama, wato irin wanda ake yi da bayan hannu don a wulaƙanta mutum. Ka duba sauran misalan da ya jera a wurin: wanda ya kai ka ƙara zai ƙwace rigarka, wanda ya tilasta maka ɗaukar kaya mil guda, mai roƙo. Duk cin mutunci ne da cin zali da ake yi wa kai kanka, kuma abun da yake hanawa shine ramuwa. Bai kawo misalin mutum da adda a kan jaririnka ba. Kumatunka naka ne, kana da ikon ka miƙa shi, amma kumatun ɗiyarka mai shekara biyar ba naka bane da zaka miƙa a madadinta. Shi ya sa in na ji ana cewa kumatu sun ƙare nake cewa ba su ƙare ba, na zagi da wulaƙanci da hana ka aiki don sunanka Bitrus ne, wannan kam har ka mutu kana juyawa. Tun asali dai ayar ba ta ce ka tsaya ka naɗe hannu ana yanka iyalinka ba.

Wurin da ya fi fito da abun a fili shine Fitowa 22:2-3, kuma abun mamaki ba kasafai ake wa'azi a kai ba. Doka ta ce in an kama ɓarawo yana fasa gida da dare aka buge shi ya mutu, babu alhakin jini a kan mai gida. Amma in rana ta riga ta fito, akwai alhakin jini. Ɓarawo ɗaya ne fa, gida ɗaya, kaya ɗaya, me ya canza? Da dare baka san ko sata ta kawo shi ko kisa ba, baka ganin abun da ke hannunsa, maƙwabta na barci. Da rana kana ganinsa, zaka iya yin ihu a taru, zaka iya gane fuskarsa a kai shi gaban alƙali. Kaga kenan ko ran ɓarawo Allah bai yarda a ɗauka a banza ba, sai in ba wata hanya. Ka riƙe wannan da kyau saboda duk sauran maganar a kansa take zaune. Shi ma wanda ya zo da mugunta a cikin kamannin Allah aka yi shi, Farawa 9:6 bata ware kowa ba.

Sai Nehemiya, wanda samari ke so sosai. A sura ta 4 ya ce wa jama'a su tuna da Ubangiji su yi yaƙi domin 'yan'uwansu da 'ya'yansu da matansu da gidajensu, masu ginin katangar Urushalima suna aiki da hannu ɗaya suna riƙe makami da ɗaya. Gaskiya ne. Amma a karanta har ƙarshe: sun yi addu'a, sun sa masu gadi dare da rana, sun sa mai busa ƙaho don a taru in an ji motsi, kuma babu inda aka ce sun bi Sanballat ko Tobiya, maƙiyan da ke musu barazana, har gida. Katanga suka tsaya a kai. Kuma Nehemiya gwamna ne da takardar sarki a hannu, ba wani ne ya tara yaran unguwa da kansa ba. Karin Magana 24:11-12 ma ta ce a ceci waɗanda ake ja zuwa mutuwa, kar ka ce ai ban sani ba.

Toh amma ba zan ɓoye maka ayoyin da ke ja ta ɗaya gefen ba, don suna nan kuma suna da nauyi. Ana yawan kawo Luka 22:36 inda Yesu ya ce wanda bashi da takobi ya sayar da mayafinsa ya saya. Almajirai suka ce ga guda biyu, ya ce ya isa. Takobi biyu ga mutum goma sha ɗaya ai ba shirin yaƙi bane, kuma a daren nan da Bitrus ya zare ya sare kunnen Malkus, Yesu ya ce mai da takobinka kube, duk wanda ya ɗauki takobi da takobi zai mutu, ya kuma warkar da kunnen. Don haka wanda ke gina wa'azin sayen bindiga a kan wannan ayar kaɗai ya ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Istifanus da ake jifansa har ya mutu bai ɗauki dutse ya rama ba. Ikilisiyar farko an kashe ta an kore ta, bata kafa runduna ba. Tatuliyan, malamin nan na Kartaj a Arewacin Afirka, ya koyar cewa da Ubangiji ya karɓe takobin Bitrus ya kwance ɗamarar kowane soja ne. Kuma ba sai mun je nesa ba, ga 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda tun tushensu ikilisiyar salama ce da bata yarda da ɗaukar makami ba. A 2014 Boko Haram ta ƙwace hedikwatarsu a Kwarhi har shugabanninsu suka dawo nan Jos suka zauna, yawancin 'yan matan Chibok ma 'ya'yansu ne, duk da haka ikilisiyar bata canza koyarwarta ba. Duk wanda ya kira irin waɗannan matsorata bai san me yake faɗa ba. Ban bi su a komai ba, amma ina cire musu hula.

Inda na rabu da su shine, akwai bambanci tsakanin a kama ka a ce ka musunci Almasihu ko a kashe ka, da a faɗo wa ƙauye da tsakar dare ana kashe duk abun da ke numfashi. Na farko shaida ce, ba a kare bishara da bindiga, Yesu da bakinsa ya faɗa wa Bilatus mulkinsa ba na duniyar nan bane shi ya sa bayinsa basu yi yaƙi ba. Na biyu kuma maganar ƙaunar maƙwabci ce. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda ya rasu a shekara ta 430 maƙiya na kewaye da garinsa, shi bai ma so Kirista ya kashe don ceton ransa shi kaɗai ba, amma ya yarda soja da mai hukuma su yi don kare wasu. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya ce mutum zai iya kare ransa, da sharaɗin niyyarsa ita ce tsira ba kisan ba, kuma kar ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce buƙata. Cocin Katolika har yau a kan haka take, ta ma ƙara da cewa ga wanda rayukan wasu ke wuyansa kare su na iya zama dole. Ni ba Katolika bane amma a nan bani da ja.

Yanzu mu dawo gida, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ni ina garin nan ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 da rikici ya ɓarke, ina nan a Nuwamba 2008, ina nan a 2010. Na ga yadda abun yake tafiya kuma kusan kullum salo ɗaya ne. Da dare a kai hari wani ƙauye, kafin gari ya waye hotunan gawa sun cika waya, a kawo gawarwakin a bayan mota ana kuka, sai samari su fito bakin titi su jera duwatsu da tayoyi. Waɗanda suka yi kisan sun daɗe da shigewa daji. Wa ke zuwa wurin shingen? Direban da ya ɗauko dankali, ɗan acaba, mai shayi da ya shekara goma a bakin layin yana ba ku bashi, yaro mai tallan rake. A leƙa mota a dubi riga, a dubi goshi, a tambayi suna. Ɗana, wane hari wannan mutumin ya kawo maka? Me kake karewa a lokacin? Wannan kisankai ne tsurarsa, ko da an yi shi da waƙar coci a baki.

Kuma kar a ce ƙirƙira nake. A Janairu 2010 an kashe Musulmi masu yawa a Kuru Karama har aka jefa gawarwaki a rijiyoyi. Ranar 7 ga Maris na shekarar aka afka wa Dogo Nahawa da asuba, aka kashe ɗaruruwa, yawanci mata da yara. Ranar 14 ga Agusta 2021 aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba, mutanen da suka fito daga taron zikiri a Bauchi zasu koma jihar Ondo, aka kashe sama da 20, bayan an sha kashe mutanen Irigwe a Bassa. Kwana goma bayan nan aka shiga Yelwa Zangam da dare aka kashe sama da 30. Ka tambayi kowane ɓangare zai ce maka shi ramawa yake, shi aka fara yi wa. Kuma kullum wanda ke biyan bashin ba shi ya ci ba. Maimaitawar Shari'a 24:16 ta hana a kashe ɗa saboda laifin uba, balle a kashe baƙo saboda yana salla irin ta wanda ake zargi.

Bahaushe na cewa rama cuta ga macuci ibada ne, kuma na sha jin Kiristoci na faɗa da ƙarfinsu kamar aya ce. Ba aya bace. Romawa 12:19 ta ce kar ku rama, ramuwa ta Ubangiji ce. Ka je Farawa 34 ka karanta labarin Saminu da Lawi. An ci zarafin ƙanwarsu Dinatu, laifi ne na gaske, fushinsu na da dalili. Suka shiga Shekem suka kashe dukan mazan garin suka kwashe dukiya. Shekaru da yawa bayan haka, Yakubu yana kan gadon mutuwa yana sa wa 'ya'yansa albarka, da ya zo kansu sai ya la'anci fushinsu. Bai ce ba a yi musu laifi ba. Dawuda ma ya ɗaura takobi da mutum 400 zai shafe gidan Nabal da ya wulaƙanta shi, Abigel matar Nabal ta tare shi a hanya, daga baya shi da kansa ya gode wa Allah da ya hana shi ɗaukar alhakin jini. Ko a littafin Esta inda sarki ya ba Yahudawa izini a rubuce su kare kansu har da kwasar ganima, sau uku aka maimaita a sura ta 9 cewa basu taɓa ganimar ba. Toh in ka ga "kare kai" ya dawo gida da shanu ko babur ko buhun shinkafar shagon wani, ka san sunansa.

Kaza mai 'ya'ya in shaho ya kawo sura zaka ga ta buɗe fiffike ta yi kansa ba tsoro, amma da ya tashi sai ta koma ta tattara 'ya'yanta, bata binsa har sheƙa. Iyakar abun da nake cewa an yarda maka kenan. Wanda ya juya yana gudu, wanda ya faɗi da rauni, wanda ya ɗaga hannu, wanda kuka kama da rai, duk sun fita daga hannunka sun koma hannun hukuma. Zuwa rugar da ake zargi da asuba kafin su zo mana, wannan ma ba kare kai bane, hari ne.

Nasan me zaka ce, wace hukuma? An kira waya ba a ɗauka ba, sojoji sun iso bayan an gama. Ban musa ba, kuma ba mu kaɗai ke faɗa ba, Janar T.Y. Danjuma da kansa a Maris 2018 a Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. Amma ga yadda nake rarrabe abun. Romawa 13:4 ta ba hukuma takobi don hukunta mai laifi. In hukuma ta makara, nauyin tare mai hari a wannan daren ya faɗo kanka don ba wani, amma ikon bincike da yanke hukunci da kisa bai dawo hannunka ba, ko da ta makara sau ɗari. Dokar ƙasa ma haka ta tsara, sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda da ƙarfin da ya zama dole don kare mutum daga harin da ba bisa doka ba, dokar Penal Code kuma ta ce kar ka wuce abun da ake buƙata, kuma in akwai lokacin neman hukuma ka neme ta. Batun bindiga kuwa lasisi ne, ta toka daga kwamishinan 'yan sanda, irin su dabul-baral daga Sufeto Janar, AK-47 kuma haramtacciya ce ga farar hula. Bulus da aka ƙulla za a kashe shi a Ayyukan Manzanni 23 bai aika a tara masa 'yan'uwa da wuƙaƙe ba, ya tura ɗan 'yar'uwarsa wurin shugaban sojoji, aka raka shi da dare da mutum 470 a hanyar Kaisariya. Ya san haƙƙinsa ya matsa sai da aka bashi. Mu ma mu dinga matsawa, da takarda, da lauya, da sarakuna, da 'yan majalisarmu, har su gaji da mu.

Wani abu kuma da ba a son faɗa a bagade: bindigar da ta shigo unguwa don rikici bata komawa in rikicin ya lafa. Tana nan a ƙarƙashin katifa. Bayan shekara biyu ita ce a hannun 'yan ƙungiyar asiri, ita ce a wurin ƙwacen waya, ita ce ranar zaɓe, ita ce ranar da aka yi faɗa kan budurwa. Duk wanda ke zaune a Jos ya san unguwannin da nake nufi ba sai na kira suna ba. Ga kuma abun da ke biyo ta, yaron da zai fita gadi sai ya sha goskolo ko tramol wai don ya cire tsoro, sannan a kai shi wurin boka a yi masa tsaga a bashi laya da maganin bindiga. Ranar Lahadi kuma yana cikin 'yan kwaya. Wanda ya bugu ba zai iya bambance mai hari da mai wucewa ba, wanda kuma ya ɗaura laya ya riga ya faɗa wa Allah bai isa ba. In gadin naku sai da waɗannan, gara kar a yi.

Ka tambayi ko zunubi ne in ka kashe. Ko da babu alhaki a kanka, kar ka ɗauka zaka tashi kamar ba abun da ya faru. Akwai wani saurayi da ya zo wurina bayan ɗaya daga cikin rikice-rikicen nan, a ƙofar gidansu abun ya faru, mahaifiyarsa na ciki, duk yadda na juya labarin ban ga yadda zai yi dabam ba. Amma duk ranar Jibin Ubangiji in tire ya iso layinsu sai ya sunkuyar da kai ya miƙa wa na kusa. Ya ce mini, Baba, in na miƙa hannun sai in ga fuskar mutumin, yaro ne kamar ni. Ban ce masa ya manta ba, ban kuma ce masa jarumi bane. Mun daɗe muna zama muna addu'a tare da wani dattijo kafin ya sake karɓa. Kuma gaskiya yaron nan bai bani tsoro ba, wanda ke bani tsoro shine mai ba da labarin a wurin shan burkutu yana dariya. A Littafin Ƙidaya 31 har sojojin da suka dawo daga yaƙin da aka umarce su sai da suka kwana bakwai a bayan zango suna tsarkakewa. Dawuda kuma an hana shi gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar.

Kar kuma ka ɗauka makami ne kaɗai ke ceton rai. A Yuni 2018 da aka kai hari ƙauyukan Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekara sama da 80, ya ɓoye mutum 262 yawancinsu Kiristoci a masallaci da gidansa, ya fita ya tsaya gaban masu bindiga ya ƙi buɗe ƙofa. Ko sanda bai riƙe ba. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. In kana tsara tsaron ƙauye baka da lambar wayar liman ko arɗon da ke kusa da ku, tsaronka da saura.

Batun kuɗin da ake haɗawa, ga shawarata kai tsaye. Kar ka sa ko sisi a sayen bindigar bayan fage, kuma kar a taɓa baikon ikilisiya ko asusun matasa a wannan, ranar da aka kama makami da sunan coci kun ba masu neman dalili dalili. In 'yan banga ne da mai unguwa da dagaci da DPO suka san da su, sunayensu a rubuce, dattawa ke juya su ba masu zafin kai ba, toh ka taimaka da tocila, ruwan sama na zuwa ka saya musu rigar ruwa da takalmi, usur, katin waya, man babur, kayan ɗaure rauni. Ku zauna tun yanzu ku san ta ina mata da yara da tsofaffi zasu bi in an ji harbi da kuma wa zai ɗauki wa, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan, gudu ba rashin bangaskiya bane. Mafarauta da masu lasisi a cikinku su tsaya a bakin gari, kar wanda ya ƙetare iyaka ya bi sawu. In kuna so in zo in zauna da samarin a yi maganar nan baki da baki, ka shirya da fastonku da dattawa ku sanar da ni ranar.